Harafi Mai Ɗamara a Ƙugu

Abbeville, Louisiana
9 ga Fabrairu, 2012

Taubashiyata Delphine,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki tsaye da ƙafafunki. Ya Oakland, ya sanyin bakin teku, ya idanun? Ni lafiya lau, in kin cire gwiwa da kunne. Na dama dai kin san injin jirgin kamun jatan lande ya cinye shi tun tuni. Na hagu ne ya rage, shi ma sai mutum ya matso kamar zai gaya mini asirin matar wani. Saboda haka ki daina cewa in sayi waya. Na sayar da wayoyi sun fi ɗari a rumfata, ban taɓa jin abin da ko ɗaya take faɗa ba.

Ranar sha tara ga Maris za ki cika sittin da biyar. Barka da shigowa layin tsofaffi. Kin ce ƙarshen watan za ki ajiye dutsen guga, ki bar wa otal ɗin zannuwansa bayan shekara talatin da ɗaya. Madalla. Sai dai ranar da kika saki aiki, ranar inshorar otal za ta sake ki, ki koma hannun Medicare, inshorar da gwamnati ke yi wa tsofaffi, inda nake shekara shida ke nan. To, saurari wanda ya riga ki shiga kasuwar.

Sun raba abin kashi-kashi, kowane kashi da harafinsa, kamar 'yan aji ɗaya. A na gadon asibiti ne. Sauran kuma matar ofishin inshorar za ta bi da ke. Wanda nake so ki ƙulle a bakin zane shi ne na magani, wanda zai riƙa biyan kwalaben ɗigawarki uku na hawan jinin ido. Shi ba ya zuwa da kansa, sai kin buɗe baki kin nema. Sunansa D. Kada ki tsaya dogon surutu da kowa, ki ce kina son D. Ƙofarsa a buɗe take har ƙarshen Yuni, wata uku bayan watan haihuwarki, daga nan sai a rufe.

Gidan gwaggonmu, Tante Zoé, yana nan yadda kika bar shi, tsaye kan dogayen ƙafafunsa a bakin rafi. Ɗakin baya, naki, na cika shi da kayan kasuwa: agogunan bango goma sha ɗaya, rediyoyi, da kwali guda na tabarau. In kin ce za ki zo, yini ɗaya na kwashe. Na san amsar: baɗi. Shekara arba'in da ɗaya kina aiko mini da baɗi ta gidan waya.

Naki,
Octave

*

Oakland, California
14 ga Afrilu

Octave, tsohon ɗan kasuwa,

Na gode da wasiƙa. Ina lafiya, Allah ya bar maka kunnen da ya rage. Ambulan ya zo kamar kullum da sunan wata Belphine a kai. Wata rana zan so in ga matar nan da kake rubuta wa. Tun da igiyar jirgi ta murɗe maka yatsa kake ɗaura wa harafin farko na sunana ɗamara a ƙugu. Hollis, mai kawo mana wasiƙu, ya saba, ba ya ko duba lambar ƙofa. Shi ma zai yi ritaya a watan Yuni. Duk muna ta sauka daga mota ɗaya bayan ɗaya.

Na ajiye aiki. Sun yi mini walima a ɗakin wanki, an yanka kek a kan teburin ninki. Kafin in fita na karɓi maganin wata uku da inshorar otal, kwalabena suna jere a kan taga. Ofishin tsofaffi ma na je. Na yi yadda ka ce, ban yi surutu ba, na faɗi harafinka kawai. Matar ta ce, “Shi ke nan, Madam Mouton, kin samu.” Sun aiko da kati da wani littafi mai kauri, rubutunsa ƙanana kamar tururuwa. Na sa shi a ƙarƙashin tukunyar fure. Masu tallan inshora kuwa tun da na cika sittin da biyar suka hana ni sakat, safe da rana. Na ce wa na ƙarshe taubashina ya riga ya gama mini komai, na zare wayar daga bango.

Yanzu ba ni da abin yi da safe sai zama. Hazo yana tasowa daga teku ya rufe manyan ƙugiyoyin da ke sauke kaya a tashar jiragen ruwa, sai wuyansu kawai ya rage a sama. Ka san me suke zame mini? Balbelu. Irin waɗanda ke tsayawa a bayan gidan Tante Zoé, ƙafa ɗaya a ruwa, suna tunanin abin da ba wanda ya sani. Fitilun titi kuma kowace da zobenta na bakan gizo. Likita ya ce ciwon ne ke kawo zoben, ba abin sha'awa ba ne. Ni dai ina sha'awarsa.

Jiya na gyangyaɗa a kujera bayan cin abincin rana, sai ga ni cikin kwalekwalen Tante. Ruwa baƙi wuluk kamar kofi, ciyawar da ke reto daga itatuwa kamar gemu tana shafar kaina, kai kana gaba da gajeren wando kana ƙoƙarin sayar mini da kwaɗon da ni na kama. Kakanka da kakata suna zaune a baranda suna faɗan wa da ƙanwa a kan gishirin miya. Na farka da ƙanshin ɓaure a hancina.

Itacen ɓauren yana nan?

Taka,
Delphine, mai D ba ɗamara

*

Abbeville
20 ga Mayu

Delphine,

Gaisuwa. Gwiwa ta yi sauƙi, kasuwa ba laifi. Ranar Asabar na sayar wa wani baƙo daga Texas agogon da ba ya tafiya. Na gaya masa gaskiya, na ce agogon nan ba ya gaggawa.

Na ji daɗi da kika samu harafin. Itacen ɓaure yana nan, 'ya'ya sun fara fitowa kamar maɓallan riga. Tsuntsaye sun riga sun yi taro a kansa sun raba gado. Kwaɗon nan kuma nawa ne, ke dai kin riƙe mini shi ne.

Octave

*

Oakland
6 ga Yuli

Octave,

Ina gaishe ka, don haka aka koya mana fara wasiƙa. Lafiyata za ka ji ta a ƙasa.

Kwalabena sun ƙare ranar Talata. Na je shagon magani na miƙa katina. Yarinyar ta juya shi gaba da baya, ta ce, “Madam, ina ɗaya katin?” Na ce wane? Ta ce na magani. Na ce ai ga shi nan a rubuce, A da B. Ta ce, “B na ganin likita ne. Na magani D ne, kuma katinsa daban, a wurin kamfani ake yanka.” Na ce to a yanka mini. Ta dubi ranar haihuwata, sannan ta ce ƙofata ta rufe kwana uku da suka wuce. Ba za a sake buɗewa ba sai tsakiyar Oktoba, kuma ko na shiga a lokacin, ba za su fara biya ba sai ɗaya ga Janairu.

Kwana uku, Octave.

Na tambayi kuɗin kwalaben uku in da aljihuna zan saya. Da ta faɗa, sai na tuna duk zannuwan da na goge a rayuwata, na ga ba su isa ba. Na sayi ɗaya, mafi ƙanƙanta.

Na dawo gida na ɗauko wasiƙarka ta Fabrairu, na kai ta bakin taga. B ka rubuta. Sau biyu. Kai da ka ce ka riga ni shiga kasuwar. Likita ya taɓa gaya mini cewa abin da ciwon nan ya ci daga ganin mutum ba ya amayo shi, yana ci ne daga gefe-gefe a hankali, ba zafi, ba sanarwa. Wata shida zan ba shi yana kiwo.

Ban ce ka yi da gangan ba. Amma ka amsa mini.

Delphine

*

Abbeville
11 ga Yuli

Taubashiyata,

Na karanta wasiƙarki a tsaye a gidan waya, na rufe rumfa ranar, abin da ban yi ba ko ranar da aka binne matata, don ita da yamma aka yi. Allah ya tsare miki idanun.

D na rubuta. Na rantse da kabarin Tante Zoé, D na rubuta. Amma na zauna na rubuta shi sau goma a bayan kwali, na miƙa wa mai sayar da kankana a kusa da ni, na ce karanta. Ya ce, “B, B, B, wannan kuma kamar agwagwa.” Laifin yatsana ne, da na bakina da ya ce kada ki yi surutu. Na sayar da shawara ba tare da na gwada ta ba.

Yanzu ga abin da na samo. A laburaren garin nan akwai wata Madam Odile, tsohuwar nas, tana zama ranar Laraba tana taimaka wa tsofaffi da takardun nan kyauta, ba ta sayar da komai. Na je na zauna mata a gaba, na juya mata kunnen hagu. Na ce, Madam, na yi shekara ashirin a kasuwa, ban taɓa ganin shagon da ba shi da ƙofar baya ba. Ta yi dariya, ta buɗe littafin nan mai kauri, irin wanda furenki ke zaune a kai. Ta ce akwai. Kamfanonin da ke yankan D, kowace jiha da nata. Wanda ya kwashe kayansa ya koma wata jiha da zama, ba ziyara ba, ana buɗe masa sabuwar ƙofa ya zaɓa daga na can, ba sai ya jira Oktoba ba. In ya shiga a wannan wata, ɗaya ga wata mai zuwa sun fara biya. Ta ce wataƙila a ɗora miki 'yar tara saboda jinkiri, ba mai yawa ba. Na ba ta sunayen kwalabenki uku daga tsohuwar wasiƙarki, ta bi jerin magungunan kowane kamfani da yatsa, don ba duka suke ɗaukar komai ba. Ta samo guda biyu da suka ɗauki dukan ukun.

Kin gane abin da nake faɗa. Ba ni na tsara dokar ba, kada ki ce wayona ne. Amma in kin iso kafin ƙarshen Yuli, ɗaya ga Agusta kina ɗiga maganinki a barandar Tante.

Na fara kwashe agogunan.

Octave

*

Oakland
30 ga Yuli

Octave,

Gaisuwa. Ko kana lafiya ban sani ba. Kwana ashirin da huɗu ina sauka ƙasa ina buɗe akwatin wasiƙu, ba komai sai takardun talla. In kunya ce ta hana ka, ai mun wuce wannan. Na gan ka kana kuka da majina ranar da kada ya cinye maka kare. In fushi ne don na ɗora maka laifi, to ka yi fushin a rubuce.

Kwalbar ba za ta ishi ido biyu ba, sai na zaɓa. Na zauna gaban madubi na dube su kamar uwa mai 'ya'ya biyu da kwano ɗaya. Na dama ya fi ƙarfi, shi nake ɗiga wa. Na hagu na ba shi haƙuri. Na ce masa ya ga abin duniya da yawa: ya ga Tante tana fige kaza, ya ga doguwar gadar bakin tekun nan ranar da na iso Oakland da akwati ɗaya, ya ga zannuwa farare sun fi dubu ɗari. Ya huta.

Ba zafi. Kamar dai wani yana jan labule daga gefen hagu, kullum faɗin zare ɗaya. Shekaranjiya na ajiye kofin shayi a kan tebur, ashe tebur ya ƙare kafin wurin.

Abin mamaki, tun da labulen ya fara rufuwa, a bayansa nake ganin gida. In na rufe na dama, ba duhu nake gani ba. Rafi nake gani, da hasken azahar yana rawa a ƙarƙashin rufin baranda, da tukunyar gumbo, miyar kuɓewar nan tamu, tana tururi. Wani lokaci har ina jin ba na son a buɗe labulen. Wannan tunanin ne ya ba ni tsoro, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka rubuto, ko layi ɗaya.

Delphine

*

Abbeville
4 ga Agusta

Delphine,

Wane irin shiru? Na rubuto miki tun sha ɗaya ga Yuli, shafi biyu. Na sa Madam Odile ta buga wayarki sau bakwai, tana ta ringi ba a ɗauka. Ki mayar da igiyar nan bango. Ki ɗiga wa ido biyun, ko da kwalbar za ta ƙare gobe. Na sa dala ɗari biyu a cikin takardar nan, agoguna huɗu ne suka tafi. Akwai ƙofa. Ki taho gida.

O.

*

Oakland
10 ga Agusta

Taubashina,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ina da rai, ina kuma jin kunya.

Jiya da hantsi aka ƙwanƙwasa. Madam Villanueva ce, maƙwabciyata, ta dawo daga wurin 'yarta inda ta yi wata guda. Tana riƙe da ambulan biyu. Ta ce, “Na tarar da waɗannan a akwatina. Wace ce Belphine?” Ni ina ɗaki na 4D, ita tana 4B. Hollis ya tafi, sabon mai kawo wasiƙu kuwa abin da ya gani yake karantawa. Na tsaya a bakin ƙofa ina dariya har matar ta kama mini hannu, don ta ga dariyar ta fara canza launi.

Bayan ta tafi na ɗauko wasiƙar Fabrairu na ajiye kusa da ambulan. Harafi ɗaya ne, ɗamara ɗaya. Shekara arba'in ina ganinsa a gaban sunana, ban taɓa kiran kaina Belphine ba, don sauran haruffan suna tsaye a bayansa suna ba da shaidar ko shi wane ne. Ranar da ya fito shi kaɗai a tsakiyar takarda, ba ɗan'uwa a dama ba ɗan'uwa a hagu, sai na kasa gane shi. Na daɗe zaune ina kallonsa. Na ji tausayinsa, Octave. Na san yadda abin yake.

Na mayar da waya bango. Madam Odile ta same ni, mun yi kusan awa guda. Mace ce mai haƙuri, ta karanta mini komai sau biyu, na zaɓi kamfani ɗaya daga cikin biyun. Ta ce in na iso kafin ƙarshen wata za ta cika fom ɗin, ɗaya ga Satumba su fara. Na roƙe ta abu ɗaya: kada ta bari ka taɓa biro a wurin.

Da kuɗin agogunanka na sayi kwalba ta biyu, ina ɗiga wa duka biyun. Likita ya sama mini gurbi ya gan ni yau. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce da na zo tun Yuli da ya san abin da zai yi. Ya haska, ya auna. Na dama yana nan garau. Na hagu, abin da labule ya rufe ya rufu ke nan, saura 'yar taga a tsakiya. Ban yi kuka ba. Na tambaye shi ko ido ɗaya da rabin rabi ya isa ganin balbela. Ya ce ya danganta da nisa. Na ce daga baranda zuwa bakin ruwa. Ya ce ya isa.

Na bar wa Madam Villanueva furen da littafin da ke ƙarƙashinsa. Jirgin ƙasa zai sauke ni a Lafayette ranar ashirin da huɗu. Ka zo da motar kayanka, akwatina biyu ne.

Abu ɗaya. In na sauko, ka tsaya ta hannun damana. In ka tsaya ta hagu zan wuce ka kamar turken fitila, kuma ba zan san na wuce ka ba.

Ɓauren ya ƙare?

Taka,
Delphine

*

Abbeville
15 ga Agusta

Taubashiyata,

Gaisuwa. Madam Odile ce ta rubuta bayan ambulan, ki duba ki ga yadda sunanki yake in ya yi wanka.

Ɗaki ya zama fili. Na bar miki agogo ɗaya a bango, shi ma ba ya tafiya, na ga ba ki da inda za ki makara. Tabarau kwali guda suna ƙarƙashin gado, ki zaɓa, zan yi miki ragi. Ɓaure tsuntsaye sun cinye rabonsu tun Yuli, amma na riga su zuwa reshen ƙasa, na dafa da sukari, kwalba tara suna jiran ki. Balbelu kuwa ba su je ko'ina ba. Da safen nan na ƙirga bakwai, na gaya musu su gyara tsayuwa.

Batun idon hagu ba zan rubuta komai ba. Hannun nan ya riga ya yi ɓarnar da ta isa. Zan faɗa miki da baki, a baranda, in kin huta.

Na gwada maganar tsayuwar da kika ce. Na kira mai kankana na tsayar da shi a matsayinki, muka jera muna fuskantar titi. Ya ce, “Octave, rawa za mu yi?” Na ce rufe baki, awo nake. To ga abin da awon ya bayar. In na tsaya ta damanki, ke kin faɗo ta haguna ke nan, daidai kunnen da ke ji. Idonki mai gani yana kaina, kunnena mai ji yana kanki. Na shekara ashirin ina haɗa murfi da tukunyar da ba tata ba, ban taɓa samun abin da ya zauna haka ba.

Ranar ashirin da huɗu ina tasha tun kafin jirgin. Farar hula, hannun dama.

Naki,
Octave